Babi na Biyar: Yau da Gobe a Aikin Marubuci Mai Cin Gashin Kansa

Marubuci mai cin gashin kansa shi ne wanda yake ƙaga labari, ya rubuta shi, ya nemo kuɗin buga shi, sannan ya bi hanyoyin da zai isa hannun masu karatu, ba tare da wani kamfanin ɗab'i ya ɗauke masa ko ɗaya daga cikin waɗannan nauye-nauye ba. Mafi yawan masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa tun daga tsakiyar shekarun 1980 a wannan rukuni suke, kuma abin da ake nufi da ƙagaggen labari a nan shi ne zube mai tsawo wanda marubuci ya gina taurarinsa da abubuwan da suka same su daga tunaninsa, ko da kuwa daga rayuwar yau da kullum ya ɗebo kayan ginin. 'Yancin da irin wannan marubuci yake da shi babba ne, domin babu mai zaɓa masa jigo kuma babu mai rage masa shafi, sai dai 'yancin ya zo da wani rashi da ba a cika lura da shi ba, wato babu editan da zai aiko masa da tuni, babu ranar da aka yanka masa ya miƙa aiki, babu kuma kuɗin kafin alƙalami da zai sa ya ji nauyin bashi a wuyansa. Idan ya ajiye biro yau, ba wanda zai tambaye shi gobe.

Wannan babi ya duba abin da ke cike wannan gurbi, wato sabo da rubutu, wanda ke nufin mutum ya horar da kansa a kan zama ya yi rubutu a wani ƙayyadadden lokaci, da wani ƙayyadadden adadi, ko ransa yana so ko ba ya so, har abin ya zame masa jiki. Hausawa kan ce sabo turken wawa ne, suna nufin yakan ɗaure mutum a kan abin da ya kamata ya bari, amma makiyayi ya san turke shi ne ke hana dabba shiga gonar mutane ko ɓacewa a daji, kuma alƙalamin da ba shi da turke haka yake yawo daga wannan labari zuwa wancan ba tare da ya kai ko ɗaya gaci ba. An ɗauki ƙasar Gwarzo da Kabo a matsayin fagen misali saboda tana da tsohuwar alaƙa da tarihin ƙagaggen labarin Hausa, kuma saboda marubucin da ke zaune a can yana nesa da abubuwan da kan zaburar da takwaransa na birni.

Gwarzo, Zariya da kasuwar Kano

Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna yammacin Jihar Kano, a kan hanyar da ta fita daga birni ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ta ratsa Janguza da Rimin Gado, ta isa Gwarzo mai nisan kimanin kilomita 70 daga Kano, sannan ta zarce Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Ƙasa ce ta noma da kiwo da kasuwanci, mai garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya a ɓangaren Gwarzo, da Garo da Durun da Godiya a ɓangaren Kabo. Manyan maɗaba'u da dilolin littattafai da tarukan marubuta duk a birni suke, don haka wanda ya ɗauki alƙalami a ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa yakan yi watanni bai haɗu da wanda zai tambaye shi inda littafinsa ya kwana ba.

Duk da wannan nisa, sunan Gwarzo yana cikin sahun farko a tarihin wannan adabi. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausa a rubutun boko, kuma daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da ake ɗauka su ne tubalin farko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, da kuma Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, wanda aka buga a 1934. A fagen ƙagaggen labari, sunan Muhammadu Gwarzo a kan wannan littafi guda ya tsaya, kamar yadda na Tafawa Ɓalewa ya tsaya a kan Shaihu Umar. Wanda alƙalaminsa ya zarce a cikinsu shi ne Abubakar Imam, kuma tarihi ya nuna a fili irin tsarin da ya samu, domin a 1936 an ɗauko shi daga aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, aka zaunar da shi a Zariya kimanin wata shida ba shi da wani aiki sai rubutu, har ya samar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Daga 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, aikin da ke tilasta wa mai yin sa ya cika shafi kafin ranar fitowar jarida, ko da ilhama ko babu. Hazaƙar Imam tasa ce, amma wuri da lokaci da wa'adi hukuma ce ta ba shi.

Wannan gata bai taɓa wadatar da kowa ba, kuma ya ƙara ƙaranci bayan rabin ƙarni. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya fitar da littattafai irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 bayan wata gasa, amma taɓarɓarewar tattalin arziki a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ta sa takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki. A daidai lokacin ne masu iya karatun boko suka ƙaru, sakamakon shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 da kuma Hukumar Ilimin Manya da Jihar Kano ta kafa a 1980. Masu karatu sun yawaita, masu buga littafi sun ja baya, sai marubuta suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito wajen 1984, yana cikin na farko-farko, sannan Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta fitar da Allura Cikin Ruwa a 1994. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara tsakaninsa da masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu.

Abin da ya shafi wannan babi a cikin tarihin shi ne yadda kasuwar ta ƙirƙiro wa kanta wa'adi. Ana raba littafi kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuɗin da na ɗaya ya kawo shi ake buga na biyu da shi, masu karatu kuma suna zarya wurin mai littafi suna tambayar ko ci gaban ya fito, shi kuma dila yana aika wa marubuci saƙon cewa ana jira. Haka nan marubuta kan jera sunayen littattafansu masu fitowa a shafin ƙarshe, wanda alkawari ne a gaban jama'a, ƙungiyoyi irin su Raina Kama kuma suna haɗa marubuta wuri guda inda kowa ke ganin abin da ɗan'uwansa ya gama. Duk waɗannan turaku ne na waje, kuma yawancinsu a birni aka kafa su. Marubucin Kutama ko na Durun dole ya kafa nasa da hannunsa.

Ma'aunin kullum

Ba sai an je wata ƙasa neman tsarin horar da kai a kan rubutu ba, domin yana nan a kowace tsangaya da makarantar allo a yankin. Ba darajar karatun biyu ake kwatantawa ba, tsarin aikin kaɗai ake dubawa. Almajiri yakan rubuta wani yanki a allonsa da tawada da alƙalamin kara, malam ya biya masa, ya yi ta maimaitawa har ya zauna, sannan a ba shi izinin wankewa ya rubuta na gaba. Yankin yana farawa ne daga 'yan baƙaƙe, yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin ɗalibi har ya kai sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na izu, kuma tun da izu 60 ne, sumuni 480 ke nan ake bi ɗaya bayan ɗaya. Akwai lokutan zama sanannu, da asuba da hantsi da yamma da dare, akwai kuma hutun Alhamis da Juma'a. Babu malamin da ke tambayar almajiri ko yau yana jin sha'awar karatu, babu kuma wanda ke ɗora masa izu guda a rana ɗaya don ya rama kwanakin da ya yi ciwo. Abu uku ne suka riƙe tsarin: adadi kaɗan da aka sani, lokacin da ba ya canzawa, da hutun da aka sa cikin lissafi tun farko. Ita ma koyarwar addini ta fifita aiki kaɗan mai ɗorewa a kan mai yawa da ke yankewa.

Marubutan da suka bar ayyuka masu yawa a wasu ƙasashe irin wannan tsari suka bi. Anthony Trollope na Ingila, wanda ya rubuta ƙagaggun labarai 47 alhali mafi yawan shekarun rubutunsa ma'aikacin gidan waya ne, yakan zauna da ƙarfe 5:30 na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya ɗora wa kansa kalma 250 a kowane kwata na sa'a, har tsawon sa'a uku kafin ya tafi ofis. Yana kuma da littafin da yake rubuta adadin shafukan da ya yi, domin idan ya yi lalaci ya ga shaidar lalacin da idonsa. Lokacin da tarihin rayuwarsa ya fito a 1883, wasu sun ga wannan bayani ya rage masa daraja, domin a ganinsu ya mayar da adabi sana'a kamar ɗinkin takalmi, alhali shi kansa da sana'ar hannu yake kwatanta aikin, kuma littattafansa har yau ana karanta su.

Adadin Trollope ya fi ƙarfin mafi yawan masu wata sana'a, kuma kuskuren mai farawa shi ne ya yanka wa kansa abin da zai iya a ranar da ya fi kuzari, maimakon abin da zai iya a ranar da ya fi gajiya. Kalma 300 sun isa, wato kimanin shafi biyu na littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Wanda ya yi haka kwana biyar a mako, mako 40 a shekara, ya zauna sau 200 ke nan, ya kuma tara kalma 60,000, adadin da ya isa cikakken littafi, alhali ya bar mako 12 domin tsananin aikin gona da azumi da rashin lafiya da biki da zaman makoki. Gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016, labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500 take nema, wanda a wannan ma'auni aikin kwana huɗu ko biyar ne. Yau da gobe, in ji Hausawa, kan sa allura ta haƙa rijiya.

Agogon rana da na shekara

Ma'auni ba ya tsayawa sai an ɗaure shi da lokaci, kuma lokacin da ya fi riƙo shi ne wanda aka jingina da wani abu da mutum ba ya fashin yi. A ƙasar Hausa sallolin nan biyar sun riga sun yanka rana gida-gida, don haka ya fi sauƙi mutum ya ce zai zauna da zarar ya dawo daga masallacin asuba, ko bayan isha'i, da ya ce zai zauna da ƙarfe kaza, domin agogo yakan wuce ba a lura ba, kiran salla kuwa ba ya wucewa a ɓoye. Malamin firamare a Kabo, wanda zai fita makaranta da safe ya wuce gona da yamma, sa'ar da ke tsakanin asuba da karin kumallo ce tasa, tun gida bai tashi ba kuma ba wanda ya yi sallama a ƙofa. Mai shago a Gwarzo kuwa yakan sami tasa sa'ar da tsakar rana lokacin da ciniki ya lafa.

Mata, waɗanda su ne kaso mai yawa na marubuta da masu karanta wannan adabi, agogonsu daban yake. Matar aure takan sami sarari ne da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kuma kafin a ɗora sanwar rana, ko da dare bayan an kwantar da su. A gidan da ake raba girki kwana bibbiyu, kwanakin da ba ita ke da girki ba su ne na rubutu mai yawa, kwanakin girkinta kuma ta wadatu da rabin shafi ko karanta abin da ta rubuta jiya, domin kada zaren labarin ya kuɓuce mata. Tarihin Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi a ajin manya, sannan ta rubuta littattafan da har aka fassara ɗaya zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, ya isa hujja cewa ƙarancin lokaci da na takardar shaida ba su ne ke hana littafi kammaluwa ba.

Shekara ma tana da nata agogon. Daga saukar ruwan shuka zuwa noman farko da maimai, sannan daga yankan gero zuwa girbin dawa da roron gyaɗa da wake, jikin manomi ba ya barin komai ga alƙalami, kuma wanda ke noman rani a bakin madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga yana da wasu watannin ban ruwa da tsinkar tumatir da ya kamata ya cire daga lissafi. Wanda ya yi wa kansa alkawarin rubutu kowace rana ta shekara ba tare da duba wannan ba, a watan Yuli zai karya alkawarin, kuma karyewar ce ke sa mutane da yawa su yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da baiwa. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 1988, ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya, yana rubutu a ƙayyadaddun sa'o'i bayan aiki, kuma yakan ajiye rubutu a watannin zafi saboda ciwon ido, ya koma idan sanyi ya shigo, amma duk da haka ya bar ƙagaggun labarai sama da 30. Tsarin da ya dace da ƙasar noma shi ne a ware rani da hunturu domin zubo sabon labari, a bar damina da kaka domin abin da ba ya buƙatar dogon zama, kamar karanta littattafan wasu, da sauraren yadda mutane ke magana a gona da kasuwa da tasha, da rubuta 'yan kalmomi a ƙaramin littafin aljihu. Watan azumi ma haka yake buƙatar a rage adadi, a kuma matsar da lokacin zuwa bayan sahur ko bayan asham.

Kayan aiki da binne wuta

Marubutan shekarun 1990 da biro suke rubutu a littafi mai falle 60 ko 80, su kai wa mai bugawa a tafireta ko kwamfuta, daga nan a wuce maɗaba'a. Marubutan yau yawancinsu da babban yatsa suke rubutu a wayar hannu. Waya tana sauƙaƙa isar da rubutu, amma tana da illa biyu ga mai son ɗorewa. Ta farko, a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, rubutu yakan tsaya duk ranar da waya ta kwana a shagon caji. Ta biyu, allon da ake rubutu a kansa shi ne allon da saƙonni da bidiyo ke shigowa, don haka sa'ar da aka ware takan ƙare a amsa gaisuwa. Maganin na farko shi ne kada a rabu da littafi da biro, a zubo labarin a takarda, a mayar da kwafewa cikin waya matakin gyara na farko. Maganin na biyu shi ne a kashe data har sai an cika adadin ranar. Wajibi ne kuma marubuci ya ajiye kwafin aikinsa a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, manhajojin sayar da littafi ma suna rufewa, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma tana aiki.

Littafin aiki mai kyau yana da shafuka biyu na musamman. A shafin farko ana ja layi uku, na kwanan wata da na adadin abin da aka rubuta da na wurin da aka tsaya, kuma ranar da ba a yi komai ba sai a rubuta sifiri, kada a tsallake ta, domin sifiri uku a jere sun fi kowace nasiha tayar da mutum. A shafin ƙarshe kuma ana rubuta sunan kowane tauraro da shekarunsa da garinsa da dangantakarsa da sauran, saboda littafin da aka yi wata takwas ana rubutawa yakan manta kansa, har ƙanwar miji da ta shigo da suna Hajara a babi na uku ta koma Hadiza a babi na ashirin, ko yaron da aka haifa da damina a yi sunansa da hunturu.

Akwai kuma dabarar tsayawa. Kafin ashana ta wadata, mata kan binne garwashi a cikin toka da dare domin da safe a tona a hura, ba sai an je maƙwabta ɗibar wuta ba. Marubucin da ya rubuta har ya ƙarar da duk abin da ke kansa, gobe murhu mai sanyi zai tarar, kuma fara sabon babi a kan farar takarda shi ne mataki mafi wuya. Wanda ya tsaya a tsakiyar fage, misali uwar miji ta yi sallama a tsakar gida amarya ba ta riga ta amsa ba, kuma ya san amsar da za ta bayar, gobe da zama sai ci gaba, kafin ya ankara ya yi rabin shafi.

Masu karatu, tumu da rumbu

Yawancin sababbin labaran Hausa yanzu a zaurukan WhatsApp da Facebook da Telegram da manhajoji irin su Wattpad suke fara fitowa, shafi-shafi, wasu kyauta, wasu kuma na kuɗi, inda marubuciya kan saki shafukan ɗanɗano sannan mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya a sa shi cikin zaure. Wannan ya rage nisan da ke tsakanin Garo da Sabon Garin Kano, domin ba sai an bi ta hannun dila ba, ya kuma dawo da wa'adi mai tsanani fiye da na da, tun da masu karatu kullum suke jiran shafi, idan ya makara kuma a cika zaure da cigiya da ƙorafi.

A kallon farko wannan matsi yana kama da sabon da ake nema, amma akwai bambanci, domin wanda ya rubuta da safe ya saki da yamma kamar manomi ne mai gasa tumu a bakin gona, wanda bai kai komai rumbu ba. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko aka yi rasuwa a dangi, babu abin da zai saki, idan fashin ya yi yawa kuma kunya takan hana shi dawowa, shi ya sa zaurukan suke cike da labaran da suka tsaya a tsakiya. Bugu da ƙari, abin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa, sharhin masu karatu kuma yakan ja labari ya bar hanyarsa, a tsawaita abin da suka yaba, a sauya ƙarshen da suka ƙi. Hanya mafi aminci ita ce marubuci ya kammala littafin kafin ya saki shafin farko, idan hakan bai samu ba kuma ya tara aƙalla shafukan mako biyu a rumbu, ya sanar da kwanakin sakin da zai iya cikawa, ko da sau uku ne a mako, ya ci gaba da ma'auninsa na kullum ba tare da duba hayaniyar zaure ba.

Rubutu daban, gyara daban

Mai shuka ba ya tsayawa cire ciyawa, kuma mai zubo labari da ya tsaya gyaran kowace jimla ba zai wuce babin farko ba. Gyara yana da nasa lokacin, bayan an gama an ajiye aikin ya huce na wasu makonni, kuma ga marubuci mai cin gashin kansa wannan mataki ba abin wasa ba ne, domin babu editan da zai tare kuskure kafin ya isa ga jama'a, kuma rashin bin ƙa'idojin rubutu yana cikin manyan abubuwan da aka daɗe ana sukar wannan adabi da su. A nan ne ake duba rabewa da haɗewar kalmomi, a haɗe yana da suke, a bambanta a kan mai nuna wuri da akan mai nuna abin da aka saba yi, a kuma tabbatar da baƙaƙe masu lanƙwasa, domin kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban, kuma akwai madannan Hausa da ake saukewa a waya waɗanda ke ɗauke da waɗannan baƙaƙe. Karanta rubutu a bayyane yana fito da jimlar da ta yi tuntuɓe da zancen da ba haka mutane ke yin sa ba.

Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya reshen Kano da sauran ƙungiyoyi suna zaman karatu da sharhi a birni, wanda ya sami hali ya halarta zai ƙaru, amma kuɗin mota daga Gwarzo zuwa Kano da dawowa ba kullum ake samunsa ba. Mutum biyu ko uku a gari ɗaya sun isa su kafa nasu zaman sau ɗaya a mako, kowa ya zo da shafukansa ya karanta, wanda ya zo hannu rabbana kuma ya faɗi dalili. Abokin da zai tambayi shafi nawa aka yi ya fi wanda zai yaba komai amfani.

Kammalawa

Duk tsarin da aka kafa sai wata rana ya tsinke, kuma abin da ke raba mai gama littafi da mai tara rabin littattafai shi ne yadda kowannensu ke komawa. Wanda ya yi fashin mako uku ya ɗora wa kansa ramuwa a kwana biyu zai sake gudu. Wanda ya karanta shafuka goma na ƙarshe, ya rubuta rabin shafi a ranar farko, ya koma ma'auninsa a ta uku, shi ne zai kai ƙarshe. Idon Matambayi ya kai shekara 90 ana ambaton sunan Gwarzo da shi a duk inda ake koyar da tarihin adabin Hausa. Marubucin da ke zaune yau a Getso ko Godiya ba za a kira shi Zariya a ba shi wata shida ba. Abin da ke hannunsa shi ne sa'a guda bayan asuba da shafi biyu, kuma shafi biyu sau 200 littafi ne.